Mayafi mai wucewa ta cikin zobe

Mutanen kudu da yawa suna zaton ƙasar Abzin zafi kaɗai gare ta. Ba haka ba ne. Wanda ya taɓa kwana a Gugaram cikin watan Janairu ya san abin da ake kira ɗari. Da rana ta faɗi, sai duwatsu su saki zafin da suka sha, iskar hunturu ta biyo busasshiyar ƙorama, ta shiga bukka ta kowace kafa ta tabarma. Can bisa duwatsun Bagzam, wata shekara har ruwa yakan daskare. Amma da hantsi ya yi, sai mutum ya shiga neman inda zai ajiye bargo. Saboda haka tufar da ta fi dacewa da wannan ƙasa ita ce marar nauyi, wadda za ka yafa da asuba, in rana ta ɗaga ka naɗe ta ka sa cikin jaka.

Gugaram ƙaramar hukuma ce cikin gundumar Arlit, jihar Agadas. Tana gindin duwatsun Abzin daga yamma, bisa hanyar da ke zuwa Iferwan. Yawancin mutanenta Abzinawa ne, makiyayan raƙuma da awaki, wasu kuma suna noman rani a bakin rijiyoyi. Ni ba a nan aka haife ni ba, aikin koyarwa ne ya kawo ni. A Akokan aka yanke mini cibiya. Mahaifina mutumin Maraɗi ne, ya hau arewa neman aiki lokacin da kamfanin Cominak ya fara haƙo uraniyom a shekarar 1978. Garin Arlit kansa bai daɗe da kafuwa ba a lokacin, don a 1969 aka soma gina shi, Somaïr kuwa ta fara fitar da ƙarfen a 1971. Garuruwa ne na baƙi. Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Ba'abzine da Bature, kowa ya zo da irin abincinsa da irin sana'ar hannunsa.

A nan mahaifiyata ta koyi saƙa, a wani gidan koyar da mata ɗinki. Ni kuma a gindinta na koya. Kayan aikin iri biyu ne. Akwai kwarashi, shi guda ɗaya ne mai ƴar ƙugiya a baki. Akwai kuma kibiya, ita biyu ake riƙewa, zaren yana rataye a jikinta zobe-zobe, ana kwashe shi daga ta hagu zuwa ta dama. Kowane ɗan zoben nan mahaifiyata "ido" take ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan. Abin da muke saƙawa a lokacin bai wuce hular jariri da safa da rigar sanyi ba, duk da zare mai kauri.

Cikin wata tsohuwar mujalla ta Faransanci na fara ganin hoton wani mayafi fari, mace tana jan sa ta cikin zoben aure. Na daɗe ina kallon hoton nan. Ashe abin gaskiya ne. A arewa da ƙasar Sikotilan akwai wasu tsibirai da ake kira Shetilan, inda sanyi da iska ba su ɗagawa. Matan can suna tsige gashi mafi laushi daga wuyan tumakinsu da hannu, su kaɗa shi siriri kamar gashin kai, su saƙa mayafin da faɗinsa ya kusa mita 2, amma ya wuce ta cikin zobe. An nuna irin saƙarsu a babban bajekolin da aka yi a birnin Landan a 1851. A ƙasar Rasha kuma akwai birnin Oranbug, bakin kogin Ural. Su awaki gare su masu wani lallausan gashi a ƙarƙashin na waje. Suna taje shi, su haɗa da siliki, su saƙa mayafi. Sunan da suka ba mafi sirantarsa a harshensu, ma'anarsa saƙar gizo.

Mu tumakinmu na nan, irin su uda da balami, gashi gare su gajere mai kaushi, ba ya kaɗuwa. Akwai tumaki masu ulu can bakin kogin Kwara wajen Tilaberi, da kuma ƙasar Masina cikin Mali, inda Fulani suke saƙa barguna da shi. Zaren da ake sayarwa a kasuwar Arlit da sunan ulu, mafi yawansa na roba ne. Ga yadda ake ganewa, amma kada ku gwada sai da babba a kusa. A yanko ɗan guntu a kai bakin wuta. In ulu ne na gaske, zai yi warin ƙonannen gashi, ya murmushe a hannu. In auduga ce, za ta ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. In na roba ne, sai ya narke ya dunƙule ya yi tauri.

Ƙanena da ke karatu a Faransa shi ya aiko mini da ƙwallo guda na siririn ulu, launin ƙasa-ƙasa. A jikin takardarsa an rubuta: giram 100, mita 800. Ku yi tunanin wannan. Abin da tafin hannu ɗaya zai rufe, in aka warware shi a fili, mai tafiya a ƙasa sai ya yi minti 10 kafin ya kai ƙarshensa.

Asirin wannan saƙa bai wuce abu biyu ba. Na farko, in kina son ƴar kafa ta fito, sai ki ɗora zaren bisa kibiya haka nan, ba ki soka shi cikin kowane ido ba. In kin dawo a layi na gaba kika saƙe shi, sai ya bar kafa a ƙarƙashinsa. Amma fa kin ƙara ido ɗaya ke nan. Na biyu, don kada saƙar ta yi ta faɗaɗa, sai ki haɗa ido biyu ki saƙe su tare, su zama ɗaya. Ƙari ɗaya, ragi ɗaya. Duk adon da kuke gani, ganye ne ko igiyar ruwa ko sawun tsuntsu, daga inda aka sa ƙarin da inda aka sa ragin yake fitowa. Kibiyar da ake amfani da ita kuma takan fi ƙarfin zaren, tawa mai milimita 3 da rabi ce, don saƙar ta yi sako-sako.

Mayafin da na zaɓa mai kusurwa uku ne. Ana fara shi daga tsakiyar wuya da ido 5 kacal. Kowane layi biyu ana ƙara ido 4, ɗaya a kowane gefe, biyu a tsakiya, su kuma ba a rage su. To, ku ɗauki alli da allo. Idan na yi layi 200, sau nawa na yi ƙari? Sau 100. Ido nawa ke nan bisa kibiya? 100 sau 4, a tara da 5, ya zama 405. Layin farko kafin ka ƙifta ido an gama, layin ƙarshe kuwa sai ya ci kusan rabin awa. In aka tara idanun dukan layukan sun haura dubu 41. Ga wani abu da ya fi wannan ban mamaki. Ranar da na kai layi na 100 maƙwabta suka ce na yi rabi. Ku lissafa ku gani. Idanun layi 100 na farko ba su kai dubu 11 ba, wato kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na aikin. Sauran kashi uku suna gaba. Mata da yawa a daidai nan suke gajiya su jefa saƙa cikin kwalla.

Ni ina yin kamar ido 15 a minti ɗaya. Awa 46 ke nan, ban da bakin mayafin. Awa guda nake samu a yini, bayan la'asar, in an tashi daga makaranta kuma kafin haske ya tafi. Da fitila ba a ganin zaren sosai. Sai da na yi wata biyu.

Matan Shetilan suna da nasu wahalar, amma ba na tsammanin sun san kaushin hunturu. Fatar yatsa takan tsage, siririn zare kuwa ko ƴar tsaga ya samu sai ya maƙale. Kullum kafin in fara sai in shafa man kaɗe, in jira ya shige, in goge hannu da tsumma. Ga ƙura. Ga ƙaya, wadda a Gugaram ko cikin ɗaki sai ka same ta. Ga awaki, su da ba su raina kome. Cikin gwangwanin madara nake saka ƙwallon, na huda murfin, zaren yana fitowa ta nan. Akwai wata dabara kuma da mahaifiyata ta koya mini: bayan kowane layi 20 a zura farin zaren ɗinki da allura ta cikin dukan idanun, a bar shi nan. In ido ya kuɓuce daga kibiya, ko yaro ya fizge ta, warwarar ba za ta wuce wannan zare ba.

Ran da saƙa ta sauka daga kibiya ba ta da kyan gani ko kaɗan. A cukurkuɗe take, kamar tsumman da akuya ta tauna ta yar. Sai an jiƙa ta. Ruwa yana da tsada a nan, amma ƙwarya guda ta isa. Na sa ɗan sabulu, na bar ta ta sha ruwa, ban cuɗa ba, don in aka cuɗa ulu yakan dunƙule ya ƙi warwaruwa. Na naɗe ta cikin tawul na matse. Sa'an nan na shimfiɗa zane bisa tabarma, na ja mayafin ta kowace kusurwa, ina kafe bakinsa. Allurai ba su ishe ni ba, sai yaran aji suka tsinko mini ƙayar aduwa. Iskar nan tamu busasshiya, kafin azahar ya bushe. Da na cire ƙayoyin, kafofin nan duk sun buɗe, ganyen ya fito ɗaya bayan ɗaya. Daga hannu zuwa hannu santimita 180, daga wuya zuwa ƙasa 90. Mai kanti ya ɗora mini shi bisa ma'auni: giram 80, kamar ƙwan kaza biyu. Na cire zoben azurfa na hannuna, na zura kusurwa ɗaya, na ja. Ya wuce.

Wani yaro ya tambaye ni, "Malama, abin da duk kafofi ne yaya zai hana sanyi?" Tambaya ce mai kyau. Ba zaren ne kaɗai ke ɗumama mutum ba, iskar da ke kwance tsakanin gashin ce. Iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗauke zafin jiki. Shi ya sa tsuntsu yake buɗa gashinsa da sanyin safiya. Amma in iska tana kaɗawa da ƙarfi, takan bi ta kafofin ta kore ɗumin. Ranar irin wannan sai a yafa mayafin daga ciki, a ɗora zane a bisa.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata, Ba'abzina, tana jin Hausa sarai. Na kai mata mayafin ina jin daɗin kaina. Ta juya shi, ta ɗaga shi wajen rana, ta ce, "Ɗiyata, hannunki yana da kyau. Amma zauna ki ga wani abu." Ta jawo jakar fata daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani ƙunshi na takarda. Da ta buɗe sai ga alasho. Baƙi ne wuluk, amma in haske ya taɓa shi sai ya yi walƙiya kamar bayan ƙwaro, wani wuri shuɗi, wani wuri ja-ja. Na ce, "Inna, in taɓa?" Ta ce in taɓa. Yatsuna suka yi shuɗi nan take.

Na sha ganin alasho a kan maza ranar salla da lokacin bikin Bianu a Agadas, da kuma a kan mata wajen biki, amma ban taɓa duba shi kusa ba sai ran nan. Shara-shara ne, ana hango hannu ta cikinsa. Kuma ba ƙyalle ɗaya ba ne. Ƴan siraran ƙwarya ne, kowace faɗinta bai fi na yatsa ba, aka jera su aka ɗinke gefe da gefe. Inna ta ce da yawan ƙwaryar ake sanin darajarsa, mai saye yakan tsaya ya ƙirga. Ba a wanke shi, don ruwa yana kashe ƙyallin. Shunin da yake bari a goshi da kumatu kuwa, a wurinsu ado ne, ba dauɗa ba.

Abin da ya kamata kowane ɗan makaranta ya sani shi ne, wannan tufa da duniya ta san Abzinawa da ita, a ƙasar Hausa ake yin ta. Garin Kura yana kudu da birnin Kano, bisa hanyar Zariya, tafiyar kamar kilomita 30. Shi ya sa Hausawa suke kiran irin wannan rawani ɗan Kura, ƙyallen kuma turkudi. Hannu da yawa yake bi kafin ya iso mu. Masaƙi ya saƙa ƙwaryar da siririn zaren auduga. Masu ɗinki su haɗa. Marini ya tsoma cikin rijiyar baba, ya fitar ya sha iska, ya sāke tsomawa, har sai ya yi baƙi. Ku lura, in ƙyalle ya fito daga baba da fari kore-kore yake, iska ce take mai da shi shuɗi. Daga nan sai mabuga. Su shimfiɗa shi bisa gungumen icce, su zuba garin shuni da ɗan kitse, su yi ta bugu da sanduna masu nauyi har shunin ya shige ya yi ƙyalli. A naɗe cikin takarda. Sa'an nan ya kamo hanya: Kano, Damagaram, Tanut, Adarbisanat, Agadas, Arlit. Fiye da kilomita 900.

Hanyar nan tsohuwa ce. Ayarin Abzinawa sukan ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, su gangara Damargu da ƙasar Kano, su komo da hatsi da tufafi. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Abzin ya shiga Agadas a 1850, ya isa Kano a 1851. Ya rubuta cewa rinannun tufafin Kano da ake kaiwa Tumbutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Wato shekarar da mutanen Landan suke mamakin saƙar Shetilan, masaƙan ƙasar Kano suna tufatar da rabin Sahara. Ni a makaranta an koya mini sunayen kogunan Faransa, amma ba wanda ya gaya mini wannan.

Daga baya abubuwa sun sauya. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Yadin kanti ya cika kasuwa, mai arha, mai launi iri-iri, wanda ake wankewa. Yau saurayi a Arlit rawanin yadi yake naɗawa kullum, alasho sai ranar biki, in yana da shi. Masu saƙa ƴar siririyar ƙwaryar nan sun ragu, don aiki ne mai cin ido da lokaci, samari kuwa ba su ga abin da zai tsayar da su a kansa ba. Lokacin da aka rufe iyaka tsakanin Nijar da Najeriya a 2023, har zuwa watan Maris na 2024, Inna ta aika neman sabo don auren jikanyarta, ta daɗe ba ta samu irin wanda take so ba.

Ni ma na san wannan lissafi a kaina. Ranar 31 ga watan Maris na 2021 aka rufe ma'adinin Cominak. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, gidaje da yawa a Akokan suka koma dogara ga abin da mace ta samo. Wasu ƙawayena na ƙuruciya da saƙa suke sayen cefane. Da suka ga mayafina suka yaba, amma ɗaya ta ce, "Malama, wannan aikin mai albashi ne." Gaskiyarta. Cikin awa 46 ita za ta saƙa kayan jarirai masu yawa, ta sayar ranar suna. Gyalen kanti kuwa yana nan rataye a kasuwa, kuɗinsa bai kai na ƙwallon zarena ba. Ba zan ce wa kowace yarinya ta dogara ga irin wannan mayafi don cin abinci ba. Ƴan matan ajinmu da suka nemi in koya musu, da hula muka fara. Amma cikinsu akwai biyu da suka iya ƙari da ragi, suna zana adon a takarda mai gida-gida kafin su saƙa, ɗayarsu ma ta fitar da surar goriba da kanta. Tun daga lokacin lissafinta a aji ya gyaru.

Yanzu ina kan mayafi na biyu. Wannan karon da siririn farin zaren auduga nake yi, irin na kwarashi, wanda ake samu a Agadas. Auduga ba ta miƙewa kamar ulu, tana gajiyar da yatsa, kuma ba za ta yi ɗumi kamarsa ba, amma tana shan baba. Na yi magana da wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano sarin alasho, ya yarda zai kai mini shi Kura a rina. Na roƙe shi ya gaya musu rini kawai, ban da bugu, don sanda za ta tsinka idanun. Ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa kai wa marina raga ba. Inna ta ce in ya dawo ita za ta fara yafawa. Ina layi na 120, shi kuwa zai tashi bayan salla.